Babi na Shida: Kalaba, Garin da Ake Zuwa Kallo

Da na je yi wa mahaifiyata sallama, tambayar farko da ta yi mini ita ce, "Me za ku saro?" Na ce, "Hajiya, ba sari za mu ba." Ta ce to ɗaurin aure ne, ko rasuwa aka yi? Na ce babu ko ɗaya, kallo za mu. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Tun daga Kano har bakin teku, don kallo?" Duk da haka ta sa albarka, ta ƙulla mini dambun nama da ƙuli-ƙuli a leda, ta ja mini kunne kada mu yi tafiyar dare.

Ban ga laifin tambayarta ba. Bahaushe matafiyi ne tun kaka da kakanni. Ya taka Gwanja neman goro, ya je Makka a ƙasa ta Sudan, yau ma da wuya ka sauka a wata tasha a Afirka ta Yamma ba ka ji an yi maka sannu da Hausa ba. Sai dai tafiyarsa ba ta rasa dalili: fatauci, neman karatu, cirani, sauke farali, zumunci. Wadda ba a komowa da riba ko ilimi ko lada, sunanta yawo, yawo kuwa ba kalmar yabo ba ce a gidajenmu. Mu dai mun riga mun ƙudura. Mun gaji da ganin bikin Kalaba a talabijin duk ƙarshen shekara, muna son mu tsaya a bakin titin da ƙafafunmu.

Mu huɗu ne, 'yan majalisa ɗaya, tun muna samari muke zama a dakali guda bayan isha'i. Akwai Alhaji, ɗan kasuwa, shi ne mai motar, wata tsohuwa mai kujeru bakwai da yake ji da ita kamar ɗiyar fari. Akwai Malam, wanda ke koyar da tarihi a sakandare, mutum mai sanyin magana da taurin ra'ayi. Akwai Tela, da ya fi shekara ashirin a kan keken ɗinki. Ni aka ba ma'aji. Wata goma muka yi muna zuba kuɗi a asusu duk ƙarshen wata, ina rubutawa a wani ƙaramin littafi, muka kuma yi yarjejeniya tun a gida cewa mai da masauki da abinci na asusu ne, tsaraba kuwa kowa da aljihunsa. Na ga abota ta lalace a kan kuɗin kwano ɗaya na shinkafa, shi ya sa na dage a rubuta komai.

Mun tashi ranar Talata, 26 ga Disamba 2017, ana sallame asuba. Duk wanda ya tuƙa mota a ƙasar nan a ƙarshen waccan shekara ba zai manta da wahalar mai ba. Farashin gwamnati naira 145 ne lita, amma a allon gidajen mai kawai yake. Layi ya miƙe iya ganin ido, mutane na kwana cikin motocinsu, 'yan bumburutu na cin kasuwarsu a bakin titi. Sai da Alhaji ya kwana biyu a layi kafin ya cika tanki da jarka biyu, muka jibge su a baya muka lulluɓe da tabarma. Warin fetur ya raka mu har bakin teku.

Hazo ya rufe gari, fitilun mota ba sa ganin nesa. Muka wuce mashigar Bagauda da Tiga, muka karya a Kwanar Dangora, muka ratsa dajin Falgore kowa ya yi tsit yana jan carbi, har muka ɓulla Saminaka, inda hira ta dawo. A Jos sanyi ya sa muka ƙara suwaita a kan suwaita. Da muka gangara Hawan Kibo, Alhaji riƙe da sitiyari da hannu biyu, ga gawar tirela kwance a gefen kwari, sai iska ta fara canzawa. Kafin Akwanga mun tuɓe suwaitun, a Lafiya muka yi azahar da la'asar a haɗe, raka'a bibbiyu, Malam ya ja mu. Rana na gab da faɗuwa muka hau gadar Binuwai. Malam ya nuna mana tsohuwar gadar da Turawa suka gama a 1932, wadda layin dogo ya bi ta kanta ya haɗa Arewa da Gabas. Muka kwana kusa da Wadata, unguwar Hausawan Makurɗi, muka ci kifin kogi da barkono har hawaye.

Rana ta biyu ita ce ta gwada mu. Daga Makurɗi zuwa Gboko ƙasar Tibi ce, doya jibge a bakin hanya kamar itacen girki, lemo a buhu-buhu ana neman mai ɗauka. Daga nan hanya ta fara cin mota. Kuka da ɗorawa suka ɓace, kwakwar manja ta karɓe su, kore ya yi ta ƙaruwa har ya zama duhu. A Ikom, garin koko da ayaba, inda hanya ke rabuwa ta nufi iyakar Kamaru ta Mfum, muka haye kogin da jihar Kuros Riba ta samo sunanta daga gare shi. Shingaye kuwa na daina ƙirgawa da na kai talatin. A ɗaya daga ciki wani ya leƙo ta taga, ya ga huluna huɗu, ya ce da Turancin buroka, "Aboki, wane kaya kuka ɗauko?" Alhaji ya ce babu kaya, bikin Kalaba za mu kallo. Mutumin ya kira ɗan uwansa ya maimaita masa, suka buɗe bayan mota suka ɗaga tabarmar don su tabbatar. Tambayar Hajiya ce ta sake tarar mu a ƙasar wasu. A can ma ɗan Arewa ba a san shi da zuwa kallo ba. An san shi da albasa, da shanu, da kurar ruwa, da gadi.

Tsakanin Ikom da Ugep taya ta fashe a wani rami. Muka sa safaya, muka lallaɓa har wurin mai faci, la'asar ta yi sanyi. Nan aka yi saɓanin farko. Malam ya ce mu nemi wurin kwana, an ce kada mu yi dare. Alhaji ya ce in muka kwana mun rasa safiyar biki, saura ƙiris. Murya ta fara hawa. Tela ne ya raba, ya ce, "Alhaji, motarka ce amma ranmu ne. Malam, in mun kai Akamkpa duhu ya rufe, mu tsaya. In da sauran haske, mu ƙarasa." Haka aka yi. Muka ratsa gonakin roba, bishiyoyi a jere kamar sahun salla, muka shiga Kalaba ana kiran isha'i, bayan tafiyar sama da kilomita 1,000.

Kafin a gane dalilin da ya sa gari ya mai da nishaɗi sana'arsa, sai an san abin da ya rasa. Kalaba tsohon gari ne na Efik, a kan tudu tsakanin kogin Kalaba da kogin Kwa. Ya ga cinikin bayi, ya ga cinikin manja, ya zama mazaunin gwamnatin Turawa a Kudancin Nijeriya har zuwa 1906 da aka mai da hedikwata Legas. Tun daga nan harkoki suka yi ta janyewa, jiragen ruwa suka koma Legas da Fatakwal, garin ya zama na ma'aikatan gwamnati da 'yan makaranta. Donald Duke, wanda ya yi gwamnan Kuros Riba daga 1999 zuwa 2007, shi ya yi shawarar sayar da abin da garin ke da shi: tsafta, kwanciyar hankali, girki, da son biki. A 2004 aka fara wannan kalankuwa ta titi, aka aro salo daga irin ta Tirinidad da Brazil, aka cika watan Disamba gaba ɗaya da shagali. Daga baya lissafin ya ƙara matsewa. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi a 2002, aka kammala miƙa shi a 2008, sannan a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76 da ake taƙaddama a kansu. Kuros Riba ta wayi gari babu kason masu arzikin mai. Baƙon da ya zo ya kwana, ya ci, ya hau tasi, ya zama abin dogaro na gaske.

Mun ji hakan a jikinmu tun daren farko. Duk otal ɗin da muka leƙa a cike yake, wanda ke da ɗaki kuma ya ninka kuɗinsa. Na buɗe littafin asusu a ƙarƙashin fitilar mota, na ga kwana huɗu a wannan farashi zai cinye kuɗin man komawa. Alhaji ya ce, "Ku tambayi hanyar Bogobiri." Kunnen Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan suna, Bagobiri yake ji a ciki. Unguwa ce a tsakiyar gari, a gefen titin Mary Slessor: masallaci, 'yan canji, masu tsire da balangu, masu shayi, hayaƙi da ƙamshin yaji kamar ka sauka a Fagge. Muka yi sallama a teburin wani mai shayi, kafin ruwa ya tafasa labarinmu ya kai kunnen wani dattijo. Ya aiko yaro ya kira mu. "'Ya'yana, daga ina?" Muka ce daga Kano, Baba. Ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida, sannan ya sa aka share mana ɗakuna biyu a gidan wani ɗan uwansa da ya tafi Arewa. Da na zaro kuɗi ya ce in mayar, in muna son biya mu sayi kati mu sa wa mitar wuta.

Ranar Alhamis, 28 ga wata, ita ce babbar rana. Tun hantsi aka rufe tituna. Ayarin yana tashi ne daga wajen dandalin Millennium, ya bi Mary Slessor, ya shiga Marian, ya zagayo ta babban titin Murtala Mohammed, ya ƙare a filin wasa na U.J. Esuene, tafiyar kamar kilomita 12, a ƙasa, ana rawa. Ƙungiyoyi biyar ne ke gasa a lokacin, kowace da launinta: Seagull ja, Passion 4 kore, Bayside shuɗi, Freedom rawaya, Masta Blasta ruwan lemo. Ba ka buƙatar tambayar mutum wa yake goyon baya, rigarsa ta faɗa maka, kamar yadda ake gane mai goyon bayan kulob ranar wasa. Kowace shekara ana ba su jigo ɗaya su fassara da sutura da rawa da wasan kwaikwayo a gaban alƙalai da ke zaune a wurare daban-daban a kan hanya. Jigon waccan shekara shi ne ƙaura. Muka samu benci a bakin Bogobiri, gab da masallaci, muka tsaya a kai.

Sauti ne ke fara isowa. Tirela ɗauke da lasifikoki masu tsayin ɗaki da janareto a bayanta, kiɗan yana dukan ƙirji kafin ya kai kunne. Bayanta sahu-sahu na masu rawa, ɗaruruwa, taku ɗaya, juyi ɗaya. Sai manyan sutura, waɗanda mutum ɗaya ke ɗauke da su amma faɗinsu ya cika rabin titi. Wata ƙungiya ta jawo siffar kwalekwale cike da matasa suna miƙa hannu sama, ana kaɗa shuɗin yadi a ƙarƙashinsa kamar igiyar ruwa. A watannin nan ne labarin 'yan Afirka da ake sayarwa a Libiya ya cika duniya, kuma duk wanda ke wurin ya gane abin da ake nufi. Wani yaro mai sayar da rake a kusa da ni ya ce yayansa ya bi ta Agadas shekara biyu ke nan, ba a sake jin duriyarsa ba. Ya faɗa yana ci gaba da feƙe rakensa.

Zan faɗi abin da ya faru da Malam, domin duk Musulmin da ya je zai gamu da shi. Shigar wasu daga cikin 'yan matan ba irin wadda tarbiyyarmu ta yarda a zuba wa ido ba ce, kuma babu amfanin ɓoye wannan. Bayan wucewar ƙungiya ta biyu Malam ya sauko daga benci ya ce, "Alhaji, ni idona ya ƙoshi. Ina cikin masallaci." Alhaji ya ce, "Haba Malam, kwana biyu muna tafe saboda wannan ranar." Malam ya ce, "Ban ce kowa ya tashi ba." Ya tafi, bai yi wa kowa wa'azi ba, bai aibata mutanen gari a garinsu ba, mu ma ba mu zolaye shi ba da muka haɗu a la'asar. Na daɗe ina ganin girman wannan. Ni kaina na sha kawar da kai a ranar, na kuma ga abubuwan da har yau ina murnar na gani. Duka biyun gaskiya ne.

Tela kuwa ba fuska yake kallo ba, ɗinki yake kallo. Allah ya kawo masa rabonsa da yamma, lokacin da fiffiken wata babbar sutura ya karye daidai gabanmu. Yarinyar da ke ɗauke da ita ta ja gefe tana haki, gumi ya wanke kwalliyar fuskarta. Nan take wata mata mai jaka a kafaɗa ta ratso mutane da gudu, ta zube filaya da waya da allura da zare a ƙasa. Tela bai nemi izinin kowa ba, ya dira ya riƙe mata fiffiken. Na matsa kusa na ga cikin abin. Ƙashinsa siraran ƙarafa ne da aka lanƙwasa aka ɗaure da waya, an ɗora nauyin a kan wani abin goyo mai madauri a kafaɗa da ƙugu, an yi masa shafi da soso don kada ya ci fata, can ƙasa kuma ƙananan tayoyi biyu ne ke ɗauke da jelar. A kan wannan aka shimfiɗa yadi mai sheƙi, aka jera gashin tsuntsu da aka rina, aka dasa ƙyalƙyali ɗaya bayan ɗaya. Tela ya juya kalmasar ya duba bayanta, ya ce da ni, "Mutumina, wannan ɗinkin hannu ne. Ko babbar riga mai aska takwas ba ta fi wannan cin ido ba." Ya tambayi matar da buroka tun yaushe take kansa. Ta ce tun watan Satumba, su da yawa, a wani shago da ke bayan gidan wani. Yarinyar 'yar ƙanwarta ce, ɗalibar jami'a, ta yi makonni tana zuwa atisayen rawa da yamma. Cikin minti biyar suka ɗaure karayar, matar ta dafa kafaɗar Tela ta ce masa ta gode, yarinyar ta gyara murmushinta ta koma sahu.

Abin da na riƙe daga ranar ke nan fiye da kiɗan. Kuɗin gwamnati da na kamfanoni na cikin bikin, babu musu, amma hannun da ke riƙe da shi na mutanen gari ne. Telolinsu ne, maƙeransu ne, 'ya'yansu ne a sahu, iyayensu ne a bakin titi da kujerun roba da kulolin abinci suna jiran su ga nasu ya wuce. Aka kai tsakar dare ana abu ɗaya, na ƙarshe ba su isa filin wasa ba sai gab da asuba. Da muka fito salla, mata masu shara sun riga sun fara aiki, suna tara gashin tsuntsu da robobin ruwa.

Juma'a ranar Malam ce, ya kuma rama. Ya kai mu tsohon gidan Razdan da ke kan tudu yana kallon kogi, ginin katako da aka ƙera a Birtaniya aka kawo shi gunduwa-gunduwa a jirgin ruwa aka haɗa a 1884, yanzu gidan tarihi ne. A nan garin Turawa suka ajiye Oba Ovonramwen na Benin bayan sun ci birninsa a 1897, a nan ya rasu a 1914. Malam ya ce mu tuna da Sarkin Kano Alu da aka kai Lakwaja. Hannu ɗaya ne ya yi aikin biyu. Muka gangara Marina, inda gidan tarihin cinikin bayi yake a bakin ruwa, muka fito babu mai magana. A wani ɗan shago muka ci miyar afang da kifi, bayan Alhaji ya yi wa mai abincin tambayoyi har uku kan abin da ke cikin tukunya, don an gargaɗe mu cewa akwai masu cin kare a yankin. Matar ba ta ji haushi ba, ta ce ta saba da mutanen Bogobiri.

Bayan sallar Juma'a muka zauna da Baba a ƙofar gidansa. A unguwar aka haife shi, yana jin Efik kamar yadda yake jin Hausa. Na tambaye shi yadda suke ji da wannan biki a bakin masallacinsu. Ya ce, "Ɗana, manomi yana da kaka, mu nan Disamba ce kakarmu. Mai tsire ya sayar, mai canji ya canza, mai rake ya ƙarar. Lokacin salla mu yi sallarmu." Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa abin da ke damunsa shi ne yara, yadda suke cika bakin titi ranar da masu babura da motocin tsere ke wasa, babu wani shinge tsakaninsu da kwalta.

Ranar Asabar muka je Tinapa, a bayan gari, wajen Adiabo. Tun a Kano Alhaji ke zumuɗin ganinta, don a matsayinsa na ɗan kasuwa ya san labarin. An buɗe ta a watan Afrilu 2007, Shugaba Obasanjo ne ya yanke ƙyalle, bayan an kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli. Manufar ita ce 'yan Nijeriya da ke kwasar kuɗi zuwa Dubai sayayya su tsaya a gida: yanki marar harajin kwastan, manyan rumfunan kasuwa huɗu kowace murabba'in mita 10,000, otal a bakin tafki, wurin wasan ruwa na yara, har da sutudiyon shirya fim. Muka shiga ɗaya daga cikin rumfunan, takunmu yana dawo mana daga bango. Shaguna a rufe, ƙura a kan gilashi, ciyawa ta fasa tsakanin duwatsun daɓe. Sai a wurin wasan ruwa muka ji muryar yara. Alhaji ya tsaya a tsakiyar wannan fili mai rufi, wanda zai haɗiye layuka da dama na Kantin Kwari, ya ce, "Inna lillahi. A Kwari mutum na biyan miliyoyi a kan teburi."

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An daɗe ana ja-in-ja da hukumomin tarayya kan yadda rangwamen harajin zai yi aiki, 'yan kasuwa suka gaji da jiran kayansu. Mashigin ruwan Kalaba ba shi da zurfin da manyan jirage ke buƙata, maganar yashe shi kuma ta daɗe tana yawo a takarda. Hanyoyin shiga garin mun ɗanɗana su da tayarmu. Bashi ya taru har hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta shigo ciki. Amma ni a ganina akwai dalilin da ya riga waɗannan. An gina Tinapa ne don baƙon da ake sa ran zai zo, babu wani ɗan gari da zai ji an taɓa masa rai in ta mutu. Bikin titi kuwa, ko baƙo bai zo ba, matar nan mai filaya za ta ɗinka wa 'yar ƙanwarta fiffike.

Muna zaune a bakin tafkin Malam ya ce ai ba sai mun zo Kalaba za mu ga haka ba. Otal ɗin Bagauda da aka gina zamanin Audu Bako, wanda a da ake zuwa hutawa daga ko'ina, yau makarantar horar da lauyoyi ce ke zaune a wurin. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa kuwa suna nan, domin kowane gidan sarauta da kowace unguwa na da doki ko ɗa a ciki, masu yin sirdi da lifidi da alkyabba suna cin abinci da shi, talaka kuma yana fitowa da 'ya'yansa ko da Bature bai zo da kyamara ba. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, na tuna da wannan hira. Ina fata duk mai mulkin da ke shirin zuba biliyoyi a ginin jawo baƙi ya fara zuwa ya tsaya inda Alhaji ya tsaya.

Lahadi da asuba muka yi sallama da Baba, ya ba mu lambar wayarsa, ya raka mu har bakin titi. Muka cika bayan mota da ayabar Ikom da jarkar manja, a Lafiya hazo ya tarye mu, leɓɓa suka fara tsagewa. Da na rufe littafin asusu a Kano, abin da ya rage bai wuce kuɗin shayin mutum huɗu ba, muka sha shi a majalisa.

Annobar korona ta hana yin bikin a 2020 da 2021. Ya dawo a 2022, har an ƙara ƙungiyoyi biyu, Diamond da Calas Vegas. Ranar 27 ga Disamba na shekarar, ranar wasan babura, wata mota ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo a bakin Bogobiri, mutane suka mutu, wasu da dama suka jikkata, Gwamna Ben Ayade ya dakatar da wasan ranar. Muna majalisa labarin ya iso a waya. Na ƙura wa hoton ido, na gane bangon masallacin, na gane inda bencinmu yake. Malam ne ya fara laluben lambar Baba. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, a daren da kuma washegari da safe. Sai wajen azahar aka ɗaga, muka ji hayaniyar mutane da muryarsa can ƙasa.

"Malam, muna maƙabarta. Zan kira ka."